Agner Erlang: Malamin ƙauyen da ya gano lissafin bin layi, daga wayar tarho zuwa WhatsApp

Ranar Sallah da hantsi, da zarar an sauko daga Idi, sau da yawa kira ya kan ƙi shiga. Ƙarfen sabis na unguwa lafiyarsa ƙalau, kuma akwai kuɗi a waya, amma sai an yi ta gwadawa. Dalili shi ne masu neman yi wa ’yan uwa barka da Sallah a wannan sa’a sun fi hanyoyin da kamfani ya tanada yawa.

Hanyoyi nawa ya kamata kamfani ya tanada? Idan ya tanadi kaɗan, jama’a za su wahala. Idan ya tanadi da yawa, kuɗinsa ya kwanta a kan na’urorin da babu mai amfani da su. Mutumin da ya fara warware wannan tambaya da alƙalami da takarda shi ne Agner Krarup Erlang, ɗan ƙasar Denmak, wanda ya rasu a 1929, tun kafin a ƙera kwamfuta irin ta zamani. Har yau da sunansa injiniyoyi ke auna cunkoson kira, kuma reshen ilimin da ya kafa shi ake bi wajen tsara yadda saƙonni ke bin layi a intanet.

Ɗan malamin makaranta

An haifi Erlang ranar 1 ga Janairun 1878 a Lønborg, wani ƙaramin ƙauye kusa da garin Tarm a yankin Jutland na yammacin Denmak. A cikin wannan wata ne aka buɗe cibiyar haɗa kiran tarho ta kasuwanci ta farko a duniya, a garin New Haven na Amurka, da abokan hulɗa 21 kacal.

Mahaifinsa, Hans Nielsen Erlang, shi ne malamin makarantar ƙauyen kuma magatakardan cocinsu. Mahaifiyarsa, Magdalene Krarup, ta fito daga gidan malaman addini, kuma a cikin kakanninta akwai masanin lissafi Thomas Fincke. Gidan ba na masu dukiya ba ne. ’Ya’yan su huɗu ne: babban wansa Frederik, sai Agner, sai ƙannensa mata biyu, Marie da Ingeborg.

Waɗanda suka rubuta tarihinsa sun kawo cewa da daddare shi da wansa kan zauna a teburi ɗaya su karanta littafi ɗaya, Frederik na karantawa ta daidai, Agner kuma na zaune a ɗaya ɓangaren yana karanta haruffan a juye. Tun yana yaro ya ƙwallafa rai a kan ilimin taurari, har ya riƙa rubuta waƙoƙi a kansu.

Yana ɗan shekara 14 ya je Copenhagen, babban birnin ƙasar, ya zauna jarrabawar share fage. Shekarunsa ba su kai ba, sai da aka nema masa izini na musamman, kuma ya ci da sakamako mai daraja. Daga nan ya koma ƙauye ya yi shekara biyu yana taya mahaifinsa koyarwa, yana kuma koyon Faransanci da Latin.

Kuɗin ci gaba da karatu ya so ya gagara, sai wani ɗan uwansu na nesa ya ba shi masauki da abinci kyauta a garin Hillerød, inda ya shirya wa jarrabawar shiga jami’a. Ya ci a 1896, ya samu tallafin karatu a Jami’ar Copenhagen, ya kammala digirinsa a 1901. Lissafi ne babban fanninsa, ya haɗa da ilimin taurari da fiziks da kemistiri.

Shekara bakwai da suka biyo baya, koyarwa ya yi a makarantu daban-daban. Bai ajiye bincike ba, domin a 1904 ya samu lambar yabo ta jami’a a kan wani rubutu da ya yi game da aikin masanin nan Huygens.

Yadda ya shiga kamfanin waya

A taron ƙungiyar masana lissafi ta Denmak ne Erlang ya haɗu da Johan Jensen, babban injiniyan kamfanin tarho na Copenhagen, wanda shi ma masanin lissafi ne da duniya ta sani. Jensen ya gabatar da shi ga shugaban kamfanin, F. Johannsen. Shi Johannsen ya riga ya fara rubuce-rubuce a kan tsawon jiran da masu kira ke yi, kuma ya gane cewa matsalar na buƙatar wanda ya ƙware a lissafin yiwuwar aukuwar abu. A 1908 aka ɗauki Erlang aiki, aka ba shi jagorancin ɗakin binciken kamfanin. Yana da shekara 30.

Waya a wancan zamani ba ta yi kama da ta yanzu ba. Mai kira zai ɗaga kan tarho, sai ma’aikaciya a cibiya ta amsa, ya gaya mata wanda yake nema, ita kuma ta soka igiyar waya a ramin da ya dace ta haɗa su. Tsakanin cibiya da cibiya akwai wayoyin tagulla masu tsada, kuma kowace waya kira ɗaya take ɗauka a lokaci guda. Idan duk sun cika, mai kira na gaba sai dai ya jira ko ya haƙura.

Saboda haka tambayoyi biyu ne a gaban kamfanin kullum: ma’aikata nawa za a zaunar a teburin haɗa kira, kuma wayoyi nawa za a ja tsakanin wannan unguwa da waccan? Kafin Erlang, galibi da ƙiyasi da gogewa ake yanke hukunci.

Erlang bai tsaya a ofis ba. Da farko ba shi da ma’aikata a ɗakin binciken, don haka da kansa yake fita awo. An sha ganinsa a titunan Copenhagen, wani lebura na biye da shi ɗauke da tsani, yana sauka cikin ramukan ƙarƙashin ƙasa don auna wutar da ke zurarewa tana lalata wayoyin kamfanin. Har wata na’urar auna wutar lantarki ya ƙera.

Abin da ya gano

A 1909 ya wallafa maƙalarsa ta farko a kan lissafin yiwuwa da hirar tarho. Abin da ya nuna shi ne, ko da yake babu wanda ya san lokacin da wani mutum zai ɗaga waya, idan mutane suka yi yawa kuma kowa na kira don raɗin kansa, adadin kiran da ke shigowa a kowane minti na bin wani tsari sananne. Bafaranshen nan Poisson ya bayyana tsarin tun 1837, amma Erlang ne ya nuna cewa kiran tarho ma shi yake bi.

A 1917 ya fitar da aikin da ya fi shahara da shi, inda ya kawo ƙa’idojin lissafi biyu. Ta farko, wadda yanzu ake kira Erlang B, tana faɗin kaso nawa na masu kira ne za su tarar da hanya a cike a mayar da su. Ta biyu, Erlang C, ta shafi wurin da ba a korar kowa, sai dai a sa shi a layin jira, kuma tana faɗin yiwuwar mutum ya jira da tsawon jiran.

Misali zai fi fito da abin fili. A ɗauka ƙauye na da masu waya 100, kuma a sa’ar da aka fi kira, kowannensu na yin minti uku yana magana da wani gari. Jimilla minti 300 ke nan a cikin minti 60. Ma’ana, a matsakaici, kira biyar ne ke gudana a kowane lokaci. Wannan shi injiniyoyi ke kira cunkoson erlang 5.

Mai saurin yanke hukunci zai ce a ja wayoyi biyar, magana ta ƙare. Lissafin Erlang ya ce idan aka yi haka, kusan kira 28 cikin 100 ba za su shiga ba. Dalili kuwa kira ba ya zuwa a jere kamar sojoji a fareti. Wani lokaci biyu ne kawai ke kan waya, wani lokaci tara ne ke nema a tare. Da wayoyi takwas, kira 7 cikin 100 ne za su faɗi. Sai an kai wayoyi goma kafin abin ya sauka ƙasa da 2 cikin 100. Wato rabin wayoyin za su kasance a zaune a matsakaici, kuma wannan zaman nasu shi ne ke sa kira ya shiga.

Akwai darasi na biyu. Idan ƙauyuka goma irin wannan kowanne ya ja nasa wayoyin daban, ana buƙatar wayoyi 100. Idan kuwa aka haɗa masu waya 1,000 ɗin a hanya ɗaya, wayoyi 61 sun isa a samu inganci iri ɗaya, saboda lokacin da wani ɓangare ya cika, wani ɓangaren na da sarari. Wannan ne ya sa a banki ko asibiti layi ɗaya da ke rarrabuwa zuwa tagogi huɗu ya fi layi huɗu daban-daban sauri da adalci.

Haka kuma lissafin ya bayyana abin da ke faruwa ranar Sallah. Idan wayoyi goman nan da aka tanada don erlang 5 suka fuskanci ninki biyu na kira, masu faɗuwa ba za su tsaya a 4 cikin 100 ba. Za su haura 21 cikin 100. Kuma duk wanda kiransa ya faɗi sake bugawa yake yi, abin ya ƙara cushewa.

Hukumar gidan waya ta Birtaniya, wadda a lokacin ita ke kula da tarho a ƙasar, ta karɓi ƙa’idarsa a matsayin ma’aunin tsara hanyoyinta, kuma kamfanonin wasu ƙasashe suka bi sahu. Erlang na rubutu a taƙaice ƙwarai, galibi da harshen Denmak, har aka samu masu bincike a Faransa da Amurka da suka koyi harshen don su karanta aikinsa daga tushe. A Norwe ma, Tore Olaus Engset ya yi aiki makamancin wannan a daidai wannan zamani, kuma akwai ƙa’idar da ke ɗauke da sunansa.

Me ya sa layi ke tsawo farat ɗaya?

Daga cikin abin da ilimin layin jira ya koyar, akwai wanda ya saɓa wa tunanin yau da kullum. A ɗauki taga ɗaya, ko injin markaɗe ɗaya, inda mutane ke zuwa babu tsari kuma aikin kowa na da tsawonsa daban. Idan mai aikin na cikin aiki rabin lokacinsa, a matsakaici mutum ɗaya za a tarar a wurin. Idan yana aiki kashi 80 cikin 100 na lokacinsa, mutum huɗu za a tarar. A kashi 90, mutum tara. A kashi 95, mutum 19. A kashi 99, mutum 99.

Tsakanin kashi 50 da kashi 80, mutum uku ne suka ƙaru. Tsakanin kashi 95 da kashi 99, mutum 80 ne. Shi ya sa wuri kan yi ta tafiya lafiya na tsawon lokaci, sai a ƙara masa ɗan nauyi kaɗan ya tsaya cik. Shugaban ma’aikata da ke jin haushin ganin ma’aikaci a zaune na ɗan lokaci, har ya rage mutane don kowa ya kasance cikin aiki ba hutu, shi ne ke gina dogon layi a ƙofar ofishinsa.

Manoman Kadawa sun san wannan a aikace

Manomin rani a Kadawa da sauran sassan Kura da Bunkure da Garun Malam ba ya buƙatar a fassara masa wannan matsala. Ruwan da ke shayar da gonakinsu daga madatsar Tiga yake fitowa, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako. Yana biyowa ta Ruwan Kanya ya shiga babbar hanyar ruwa, sannan ya rarrabu zuwa ƙananan magudanai har ya isa fuloti. Hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama’are ce ke kula da aikin.

Babbar hanyar ruwa ba ta san dare ko rana ba, amma manomi da rana yake ban ruwa. Don haka masu zanen aikin suka gina ƙananan tafkunan ajiya, inda ruwan dare ke taruwa a sake shi da safe. Injiniyoyin ruwa na da nasu lissafin daban da na Erlang, amma tunanin ɗaya ne: idan abin da ke shigowa da abin da ke fita ba sa tafiya tare, dole a samar da wurin jira a tsakani. Idan wurin jiran ya cushe da laka da kachala, ko na kusa da bakin ruwa suka ɗebi fiye da rabonsu, manomin da ke can ƙarshen magudana shi ke kwana da busasshiyar gona.

Tumatir kuma ya nuna ɗaya fuskar matsalar. A lokacin kaka yana nuna kusan a tare, kwanduna su cika kasuwar Kwanar Gafan, farashi ya faɗi. Tumatir ba ya jure layi, domin kwana biyu zuwa uku a rana sun isa ya fara ruɓewa. A gefe guda, masana’antar tumatir ta Dangote da aka buɗe a Kadawa a 2016, wadda aka tsara ta sarrafa tan 1,200 a rana, ta tsaya ba da daɗewa ba bayan tsutsar nan Tuta absoluta ta cinye gonaki. Wata rana kaya sun fi ƙarfin hanya, wata rana hanya na zaune babu kaya. Irin wannan hawa da sauka ne Erlang ya koya wa injiniyoyi su lissafa, maimakon su dogara da matsakaicin adadi kawai.

Halinsa da rasuwarsa

Erlang mutum ne mai shiru-shiru, mai yalwataccen jan gemu, wanda ya fi son sauraro a kan magana. Bai taɓa yin aure ba. Ya tara littattafai masu yawa, galibi na lissafi da taurari da fiziks, amma yana karanta tarihi da falsafa da waƙa. A lokutan hutu ya kan je Faransa da Suwidin da Jamus da Birtaniya ya ziyarci ɗakunan karatu da gidajen zane.

Idan ma’aikaci ya zo masa da tambaya, ba kasafai yake ba shi amsa kai-tsaye ba. Ya fi son ya ja shi da hira har mutumin ya gano amsar da kansa, halin da ya taho da shi daga aji. Ya kuma ɓata lokaci mai yawa wajen gyara jadawalin lissafi na logarizim, irin wanda ɗalibai ke amfani da shi kafin zuwan kalkuleta, yana neman hanyar rage kuskuren da ke cikinsu.

Kirista ne mai riƙo da addininsa, kuma mai yawan kyauta a ɓoye. Ya daɗe yana zaune tare da ƙanwarsa Ingeborg, wadda ta kafa gidan kula da mata masu larurar ƙwaƙwalwa, kuma ya riƙa tallafa wa gidan daga albashinsa.

Ya yi kusan shekara 20 a kamfanin ba tare da ya ɗauki hutun rashin lafiya ba. A Janairun 1929 aka kwantar da shi a asibiti don yi masa tiyata a ciki. Ya rasu bayan ’yan kwanaki, ranar Lahadi 3 ga Fabrairun 1929, yana da shekara 51.

A 1944 ƙasashen Skandinebiya suka fara kiran ma’aunin cunkoson waya da sunansa, kuma a 1946 kwamitin ƙasa da ƙasa mai kula da harkar tarho ya amince da erlang a matsayin ma’aunin duniya. A 1948 aka tattara ayyukansa da tarihinsa a littafi ɗaya da Turanci.

Daga kira zuwa ƙunshin bayanai

A tsarin tarho na zamanin Erlang, mai kira na riƙe waya guda tun daga sallama har ban kwana, ko da shiru ya yi. Kwamfuta kuwa ba haka take magana ba. Ta kan turo bayanai da yawa cikin ƙiftawar ido, sannan ta yi shiru na tsawon lokaci. Ware mata hanya ita kaɗai asara ce.

A farkon shekarun 1960 Leonard Kleinrock, yana ɗalibin digirin digirgir a MIT ta Amurka, ya yi amfani da ilimin layin jira wajen lissafa jinkirin saƙonni a hanyoyin sadarwa, kuma aikin ya fito a littafi a 1964. A daidai wannan lokaci Paul Baran a Amurka, sannan Donald Davies a Birtaniya a 1965, kowanne ya gano dabarar yanka saƙo ƙanana-ƙanana, a rubuta wa kowane yanki adireshi, a tura su ta hanyar da kowa ke amfani da ita. Davies ne ya raɗa wa yankin suna da kalmar Turanci mai ma’anar ƙunshi. Ranar 29 ga Oktoban 1969 saƙon farko na ARPANET, kakar intanet, ya tashi daga ɗakin binciken Kleinrock a Los Angeles.

A yau ƙunshi ɗaya kan ɗauki kimanin bayit 1,500. Hoto mai nauyin megabayit 3 ya kan zama ƙunshi wajen 2,000. Kowane ƙunshi na ratsa na’urori da dama kafin ya isa, kuma a kowace na’ura abu uku ne ke iya faruwa: a tura shi gaba nan take idan hanya a buɗe take, a ajiye shi a layin jira idan hanya na cike, ko a zubar da shi idan wurin jiran ma ya cika. Tambayoyin Erlang biyu, ta wanda aka mayar da ta wanda ya jira, sun haɗu a wuri ɗaya.

Abin ya taɓa kai intanet ƙasa. A Oktoban 1986, saurin hanyar da ke tsakanin ɗakin binciken Lawrence Berkeley da Jami’ar Kaliforniya da ke maƙwabtaka da shi ya faɗi daga bit 32,000 a daƙiƙa zuwa bit 40, saboda kwamfutoci na ta sake turo ƙunshin da aka zubar, kamar masu sake buga kira ranar Sallah. Van Jacobson ya fito da maganin a 1988: duk kwamfutar da ta ga ƙunshinta ya ɓace, ta rage saurinta, sannan ta riƙa ƙarawa a hankali.

Daga baya aka gane cewa faɗaɗa wurin jira ba shi ne magani ba. Muryar da ta makara da daƙiƙa biyu a kiran WhatsApp ba ta da sauran amfani, kamar kwandon tumatir da ya kwana uku a layi. Shi ya sa sababbin dabaru, irin CoDel da Kathleen Nichols da Jacobson suka fitar a 2012, ke duba tsawon lokacin da ƙunshi ya yi yana jira, su zubar da wasu da wuri don layin ya ragu.

Layi a cikin kwamfutar da ba ta da jiki

Yawancin shafukan intanet da manhajojin banki na yau suna gudana ne a kan kwamfutocin kwaikwayo. Ana ɗaukar babbar kwamfuta ɗaya, a sa manhaja ta raba ta zuwa ƙananan kwamfutoci da dama, kowacce na ganin kamar tana da nata injin da nata katin sadarwa. Ɗaya daga cikin fitattun manhajojin da ke wannan aiki ita ce QEMU, wadda Bafaranshe Fabrice Bellard ya fara fitarwa a 2003.

A cikin QEMU akwai mahaɗa ta kwaikwayo, wadda ke yin aikin tsohuwar na’urar haɗa kwamfutocin ofis. Ba ta duba adireshi. Duk ƙunshin da ya shigo ta ƙofa ɗaya, sai ta kwafa shi zuwa dukkan sauran ƙofofin, ban da wadda ya fito. Idan mai karɓa bai shirya ba, sai a jera ƙunshin a layin jira, a sake shi da zarar ya nuna ya shirya. Layin na da iyaka, wadda masu rubuta manhajar suka sa a ƙunshi 10,000, kuma idan ya cika ana iya zubar da sabon zuwa ko a dakatar da mai turowa.

A nan babu wayar tagulla, babu ma’aikaciya mai soka igiya, komai rubutun manhaja ne. Duk da haka matsalar ba ta sauya ba: masu zuwa babu tsari, mai karɓa mai iyakantaccen ƙarfi, da hukuncin wa zai jira, wa za a mayar.

Sunansa a cikin wayarka

Kafin 2001, layukan tarho da ke aiki a duk Najeriya ba su kai rabin miliyan ba. A Janairun wannan shekara aka yi gwanjon lasisin GSM, a Agusta kuma kamfanonin farko suka fara aiki. Masu waya suka ƙaru da saurin da ya fi na kafa ƙarafan sabis, kuma waɗanda suka ga wancan zamani na tuna yadda ake buga lamba sau goma kafin ta shiga.

Injiniyan da ke tsara ƙarfen sabis na kira a Kura ko Bunkure yana ƙiyasta erlang nawa yankin zai samar a sa’ar da aka fi kira, sannan ya duba jadawalin Erlang B ya ga hanyoyi nawa ake buƙata. Hukumar sadarwa ta NCC ta sa ƙa’idar cewa cunkoson hanyoyin kira kada ya wuce kashi 2 cikin 100, kuma a Mayun 2012 ta ci manyan kamfanoni huɗu tarar jimillar Naira biliyan 1.17 saboda gaza cika ma’aunan inganci.

A 1986 injiniyoyin kamfanin Ericsson na Suwidin, Joe Armstrong da Robert Virding da Mike Williams, suka fara ƙirƙirar wani harshen rubuta manhaja don na’urorin haɗa kira, wanda zai iya riƙe dubban ayyuka a tare ba tare da faɗuwar ɗaya ta kayar da sauran ba. Aka sa masa suna Erlang, sunan da ya dace da masanin ya kuma yi kama da taƙaita sunan kamfanin. An sake shi kyauta ga kowa a 1998.

Da wannan harshe aka gina manyan kwamfutocin WhatsApp. Lokacin da Facebook ya sanar da sayen kamfanin a 2014 a kan kimanin Dala biliyan 19, ma’aikatansa ba su wuce 55 ba, amma suna hidimta wa mutum sama da miliyan 450.

Dillalin tumatir a Kwanar Gafan da ke tura wa abokin cinikinsa na Legas saƙon murya da farashin kwando na yau, saƙon nasa na ratsa layukan jira da dama da aka auna da ilimin da Erlang ya kafa, sannan ya sauka a kan manhajar da aka rubuta da harshe mai ɗauke da sunansa. Idan alamar isar saƙo ta yi jinkirin fitowa, wani layi ne a kan hanya ya kusa cika.